Ranar da Kawu Ya Daka wa Madam Tsawa

Yawancin abin da anka koya muna a makaranta ya bi iska, ko duka na za a yi ba zan iya tuno shi ba. Amma ranar jarrabawar Turancin baka, ranar da Kawu ya kawo injin ban-ruwan babansa cikin wokshop ɗinmu, wannan kam ta zauna mini a kai daram, kuma na san da ita za a kai ni kushewa.

Bari in fara da kaina, don ka san irin bakin da ke ba ka labari. Ni ɗan Ƙofar Atiku ne. Babanmu yadi yake sayarwa a kasuwa. Sakandare na gama ta da taimakon Allah da na wanda ke zama kusa da ni a benci. Da tsoho ya gaji da ganina a teburin mai shayi ina yanke wa ƙungiyoyin ƙwallon Turai hukunci, sai ya tattara ni ya kai ni wata makarantar koyon sana'a da fasaha a nan cikin Sakkwato, sashen gyaran injuna. Ban roƙa ba, ban kuma ƙi ba. Akwai inuwa a makarantar, akwai mai fanke a bakin ƙofa, ban ga abin faɗa ba.

A ajinmu ni ne Bature. Haka suke kira na, ni ma ban taɓa gyara musu ba. Gaskiyar magana, Turancina a wuri biyu na tsince shi: bakin masu sharhin ƙwallo a gidan kallo, da bakin 'yan kudu masu sayar da kayan gyaran mota. Ina da wasu kalmomi masu nauyi da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, waɗanda ni kaina ban san ma'anar rabinsu ba. In na toshe hanci na jero su, ina ɗaga kafaɗa, sai aji ya yi tsit. A garin da kowa ke tsoron buɗe baki, wanda ba ya jin kunya shi ne malami.

Kuma muna da wata al'ada a ajin nan, wadda ni ne limaminta. Duk wanda ya kuskura ya yi Turanci a gaban mutane, to ya shiga uku. Yana fara haɗa kalma biyu zan miƙe in ce, "Jama'a a buɗe hanya, jirgin Landan ya sauka." Sai a kwashe da dariya. In ya yi tuntuɓe a wata kalma, zan ɗauke ta in riƙa bin shi da ita har wurin alwala, mako guda cur. A haka munka zama aji na mutum kusan arba'in, kowa ya iya rubuta ɗan abin da ya iya a takarda, amma baki a kulle.

Kawu ba kawun kowa ba ne a cikinmu. Shekaru ne sunka ba shi sunan, don ya girme mu nesa ba kusa ba, yana da mata da 'ya'ya biyu. Daga Dundaye yake zuwa kullum a kan wani tsohon babur. Manomi ne ɗan manomi, suna noman albasa a fadama wajen Kwalkwalawa. Hannun mutumin nan kuwa, ban ga irinsa ba har yau. Inji zai yi tari daga can ƙarshen wokshop, Kawu bai ko waiga ba zai ce kafireto ce ta toshe, a je a duba a tarar haka ne. Takarda kawai ta kawo shi makaranta. Wasu masu aikin ban-ruwa sun ce za su ɗauke shi ya riƙa kula musu da injuna, amma sai da shaidar kammala karatu.

Abin da ya tsaya tsakaninsa da takardar nan abu ɗaya ne: jarrabawar Turancin baka. Sau biyu yana faɗuwa, har sai da 'yan ajinsu sunka wuce sunka bar shi, mu munka tarar da shi. Kuma dokar makarantar a lokacin, in ka faɗi darasi ɗaya sau uku, sai ka kama hanyar gida. Wannan karon shi ne na ukunsa.

Sau ɗaya tak na taɓa jin ya gwada Turanci a ajinmu, farkon haɗuwarmu. Ya ɗaga hannu zai amsa tambaya, kalmar ta maƙale masa, ni kuwa na ɗauke ta na yi ta yawo da ita. Bai yi fushi ba, har shi ma ya yi murmushi. Bai dai sake ɗaga hannu ba. Ban ce ni na jawo masa ba, don ya riga ya faɗi sau biyu kafin ya san ni. Ban kuma ce na taimaka ba.

Mai koyar da darasin wata mata ce 'yar kudu, gajeriya, sa'ar iyayenmu, da tabarau mai igiya a wuya da lema a hannu ko da rana ko da ruwa. Madam muke ce mata. A cikin makaranta ba ta taɓa furta kalmar Hausa ba. In ka yi mata Hausa sai ta tsaya tana kallon ka kamar ka yi atishawa. Yadda anka saba cin jarrabawarta kuwa sananne ne tun kafin mu zo: hadda. Za ta ba da batu, mutum ɗaya ya rubuta jawabi, sauran su kwafa su sauya sunan gari da na inji, kowa ya haddace, ran jarrabawa a zo a sauke mata. Mu 'yan makarantar allo ne tun muna ƙanana, hadda ba ta ba mu tsoro. Kawu ma ya fi kowa iya ta. Matsalarsa, da zarar Madam ta katse shi da tambaya, sai ya sunkuyar da kai, murya ta ɗauke, shi ke nan har lokaci ya cika.

Saura mako biyu jarrabawa Madam ta ce a wannan karon kowa ya zo da wani inji ko na'ura da ya san aikinta ciki da waje. Ba ta ƙara komai ba. Mu kuma munka fassara da kanmu: jawabi ne a kan inji. Ranar, bayan la'asar, Kawu ya same ni wurin mai shayi. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna a ƙarshen benci.

"Ɗan birni," ya ce, "taimako ni ka biɗa. Wagga jarrabawa in nis sake hwaɗuwa, sai gona."

Na ce, "Kawu, ai gonar ma ta gode da samun ka."

"Bari wasa. Tsoho bai san na hwaɗi har sau biyu ba. Ce mishi niy yi an ƙara muna shekara."

Na kurɓi shayina, na yi irin zaman manyan likitoci. Munka shirya: ni zan haɗa masa jawabi in koya masa dabarun tsayawa gaban Madam, shi kuma zai ƙarasa mini aikin hannu na wokshop da na yi wata biyu ina kewaya shi. A ganina ciniki ya yi kyau, kowa ya kawo abin da yake da shi.

Jawabin da na haɗa masa, ni kaina sai da na ji tsoron sa. Na zuba duk kalmomina masu nauyi a ciki, na kawo ci gaban ƙasa, na kawo matasa, na kawo tattalin arziki. Injin ban-ruwa sau biyu kawai ya leƙo. Kawu ya ce boko yana rage masa gudu, don haka ina faɗa yana rubutawa da ajami a bayan wani tsohon littafi. Sannan na ba shi babban sirrin da nake taƙama da shi.

"In ta katse ka da tambaya, kar ka tsaya tunani. Tunani shi ke kashe ka. Duk abin da ta ce, ka ce *yes ma*, ka ɗora daga inda ka tsaya. Malami ba ya kayar da mai ce mishi *yes*."

Fuskarsa ta saki. Wannan dabara ta yi masa daidai, don dama a gidansu ba a ce wa babba a'a. In babba ya ce rana daga yamma take fitowa, sai ka ce haka ne, in ya so daga baya ka nemi wanda zai gaya masa a hankali.

Ran Asabar na bi shi fadama don in ji haddar. Na tarar da shi zaune a kan kunya, yana rangaji gaba da baya, yana karanta wa albasa ci gaban ƙasa da ƙira'a mai daɗi. Babansa na gefe, wani dogon tsoho busasshe, yana jan tiyo daga wannan fangali zuwa wancan. Ya ɗan saurara, ya leƙa littafin, ya dube ni.

"Mi shi ka karantawa haka?"

Na ce, "Turanci ne, Baba."

Ya sake leƙa baƙaƙen, ya girgiza kai. "Allah shi kyauta."

Samun injin shi ne aiki. Shi kaɗai gare su, albasa kuma ta kusa isa, ga zafin bazara ya fara, kwana ɗaya ba ruwa sai ka ga ganye ya kwanta. Da Kawu ya roƙi aronsa, tsohon ya ci gaba da jan tiyo har na ɗauka ya manta da mu. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma shi da kansa zai rako injin, ya zauna ya jira, kuma kafin azahar ya koma bakin aiki.

Ranar jarrabawa munka hallara a wokshop tun da safe, kowa da kayansa. Wani ya kawo injin markaɗe, wani keken ɗinki, wani fanka. Ni na ɗauko ɗan janaretan shagon babanmu. Kawu da tsohonsa sunka iso a babur, injin a tsakaninsu kamar mara lafiya. Anka sauke shi kusa da duron ruwa, Kawu ya ɗaura tiyo biyun, ya cika buta da ruwa ya ajiye a gefe tare da mazurari. Tsohon ya ƙi shiga. Ya shimfiɗa buhu a gindin dogon yaro daidai taga, ya zauna yana jan carbi.

Sai ga Madam ta shigo sanye da shuɗiyar rigar makanikai a kan atamfarta, an naɗe hannun rigar sau uku don ta yi mata yawa. Tun daga nan jikina ya ba ni akwai magana. Ta ajiye lema, ta yi bayani da Turanci a hankali, yadda ko bango zai gane. Ta ce ta gaji da sauraren jawabi ɗaya daga baki arba'in. Ta ce ita ba ta san komai a kan inji ba, ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidanta sai ta kira maƙwabci. Don haka yau kowa zai tsaya, hannuwansa a baya, ya gaya mata da Turanci abin da za ta yi, ita kuma ta yi da hannunta. Abin da ka faɗa shi za ta yi, abin da ba ta gane ba ba za ta taɓa ba. Minti goma. In abu ya tashi, ka ci. Malamin wokshop, wani mai tumbi da ba ya rabuwa da goro, ta ce ya zauna a gefe ya yi shiru. Ya zauna yana dariya ƙasa-ƙasa, ya san abin da ke tafe.

Mai fanka ya sha da kyar, don fanka ba ta da wani sirri. Mai keken ɗinki ya yi ta nuni da haɓa har wuyansa ya ƙage. Ni ne na huɗu.

Na fito da tafiyar ƙasaita, na toshe hanci, na saki jawabina a kan muhimmancin wutar lantarki ga rayuwar ɗan Adam. Ta bar ni na yi kamar minti biyu, tana tsaye da sifana a hannu. Sannan ta ce ta ji, ta gode, to me za ta taɓa? Nan na tuna cewa ban taɓa tayar da janaretan nan ba. Yayana ke tayar da shi a shago, ni aikina in ce an kawo wuta a kashe. Abin da na sani kawai ana jan igiya. Na ce ta ja igiya. Ta ja, shiru. Na ce ta ƙara ƙarfi, na haɗa da wata kalma mai nauyi don abin ya yi armashi. Ta ja, shiru. Sau shida matar nan tana ja, ashe makunnin a kashe yake, famfon mai ma a rufe. Ta miƙe tana haki, ta gyara tabarau, ta rubuta wani ɗan gajeren abu a takardarta.

Ba wanda ya yi dariya. Na jira, ba ta zo ba. Sai daga baya na gane dalili: mai fara ta ne ke tsaye a gaba.

Kawu ne na bakwai. Ya fito, ya sa hannuwa a baya, ya kafa ido a ƙasa, ya ja bisimilla a ɓoye, ya kama ci gaban ƙasa. Wallahi ko wasali bai ci ba. Madam ta saurara kaɗan, ta dubi inda nake zaune ta saman tabarau, don ta gane wanda ya ɗinka masa jawabin, sannan ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta ce ya gaya mata abin da za ta fara yi.

Kawu ya ƙara sunkuyar da kai. Ana jin ƙarar injin niƙa daga can bayan katanga. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya kama hanya. 

Ina jin tausayinsa ne ya kama ta, don ta san karo na nawa ke nan. Sai ta fara taimaka masa da tambaya. Ta durƙusa, ta taɓa wani ɗan murfi a ƙasan injin, ta ce ta buɗe wannan?

"*Yes ma.*"

Ta buɗe. Wurin baƙin mai ne, kuma daidai ne a fara duba shi, don haka ba a yi ɓarna ba. Ta ga buta a gefe, ta ce wannan ruwan zubawa ake yi?

"*Yes ma.*"

Nan ma gaskiya ne. Irin wannan inji sai an cika cikin famfonsa da ruwa kafin a tayar, ta wani murfi da ke can sama. Amma Madam ba ta san da murfin sama ba. Rami ɗaya ta gani a buɗe, wanda ta buɗe da hannunta. Ta ɗauki mazurari ta soka a wurin baƙin mai, ta ɗaga buta, ta ce a nan?

"*Yes ma,*" in ji Kawu, idonsa a kan yatsun ƙafarsa.

Ni da ke kallo ban ga laifin komai ba, har ina jin daɗi ɗalibina yana bin darasi. Malamin wokshop ne na ga ya daina tauna goro, ya ɗaga rabin jiki daga kujera. Ƙarar kujerar ce ta sa Kawu ya ɗago kai. Bakin buta ya riga ya karkata.

"*No!*"

Ban san akwai irin wannan murya a ƙirjin mutumin nan ba. Irin wadda ake kiran mutum da ita daga wannan gaɓar fadama zuwa waccan ce. Kwanon rufin wokshop sai da ya amsa. Madam ta zabura, ruwan ya zube a kan takalminta. Kawu ya yi tsalle zai fizge butar, ta ja da baya ta ce hannu a baya. Ya tsaya cak. Ya mayar da hannuwan, dama ta damƙe wuyan hagu kamar ya kama ɓarawo.

Sai Turanci ya ɓalle. Ba nawa ba, ko kalma ɗaya tawa babu a ciki. Wani irin Turanci ne mara riga mara wando, in na juya maka shi da Hausa yadda ya fito, kusan haka ne: "Ba nan. Nan mai. Ruwa shiga nan, inji mutu. Mutu duka. Cire wannan. Cire! Rufe. Ƙara rufe, ƙarfi. Yanzu sama. Duba sama, baƙin murfi. Ba wannan, wannan fetur. Ɗaya, kusa tiyo. Shi. Buɗe."

Tana yi yana faɗa, yana faɗa tana yi. Idonsa a kan hannunta, ya manta da wace ce ita, ya manta da mu. Ya sa ta zuba ruwa har ya cika ya tumbatsa, ta rufe. Ya sa ta duba bakin tiyo ya nutse cikin duro. Ya sa ta buɗe famfon mai, ta ja cok mai taimaka wa inji kamawa, ta kunna makunni. Inda ya rasa kalma sai ya kewaya: bai san sunan ƙarfen da injin ke zaune a kai ba, sai ya ce ta taka ƙafar inji da ƙafarta. Ta taka. Ya ce ta ja igiya a hankali har ta ji ta yi tauri, sannan ta fizga. Ta fizga, inji ya yi tari ya mutu. Ya ce, "Kuma." Ta sake. Ya kama. "Cok! Mayar cok, sauri, sauri!" Ta mayar, ƙara ta daidaita, tiyo ya kumbura ya yi wutsil-wutsil, ruwa ya feso ya wanke malamin wokshop daga gwiwa zuwa ƙasa.

Aji ya kaure da ihu. Madam ta sa ya gaya mata yadda ake kashewa, ta kashe. Sannan ta tambaye shi me ya sa ruwa ba ya shiga wurin mai. Minti gomansa sun daɗe da cika, ba ta duba agogo ba. Ya yi mata bayani, yana tuntuɓe yana tashi, har da labarin wani maƙwabcinsu da injinsa ya faɗa rijiya. Ta gane, mu ma mun gane.

Ana cikin haka sai munka ji sallama. Tsohon ne a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmansa ya shigo. Ko kallon injin bai yi ba. Ya nufi ɗansa kai tsaye.

"Kai. Wa kad daka wa tsawa?"

Kawu ya buɗe baki, tsohon bai jira ba.

"Ina zaune ina jin ka tun daga waje. Mace, sa'ar uwakka, kuma malamakka? Abin da aka koya muku nan ke nan? Duƙa."

Kawu, mai mata da 'ya'ya biyu, ya durƙusa a cikin ruwan da ya malale a ƙasa. Tsohon ya juya wajen Madam, ya ɗan rusuna, ya fara ba ta haƙuri da Hausa, doguwar magana mai tsari. Ta saurara har ya kai aya. Sannan ta dubi Kawu ta ce da Turanci, me Baba yake cewa?

Haka Kawu ya zama tafinta a shari'ar kansa. Yana durƙushe, tsohon na faɗa yana juyawa. "Hwaɗa mata ba haka nir rene ka ba." Ya faɗa mata. "Hwaɗa mata in ta ga dama ta hore ka, ni na ba ta." Ya faɗa mata, bai rage komai ba. Madam ta cire tabarau ta goge da hannun rigar makanikai, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce ya gaya wa Baba abu biyu: ɗansa ya ci jarrabawa, kuma da bai yi tsawar nan ba, da yanzu injin ya tashi daga aiki.

Kawu ya juya wajen babansa ya ce, "Ta ce ta yahe."

Nan kam bakina ya ƙi zama. Daga bayan aji na ce, "Baba, ba haka ta ce ba. Ta ce ya ci. Kuma ta ce saura ƙiris ta zuba ruwa a wurin baƙin mai, tsawar ce ta hana." Wannan ita ce fassara ta farko ta gaskiya da na taɓa yi a rayuwata, kuma ita kaɗai ce abin kirkin da na yi ranar.

Sai a lokacin tsohon ya dubi injinsa. Ya je ya tsuguna, ya kwance ɗan murfin, ya tsoma yatsa, ya fito da shi ya duba a hasken taga, ya murza. Mai ne zalla. Ya rufe, ya goge yatsan a bakin buhun da ya rataya a kafaɗarsa, ya miƙe.

"Ko da haka," ya ce, "a hankali aka hwaɗa ma babba. Tashi ka kwance tiyo, rana ta yi."

Sunka ɗaure inji a babur sunka tafi, tun kafin a kira na takwas.

Har yau ban san ko Madam da gangan ta soka mazurarin nan a wurin ba. Malamin wokshop ya taɓa ce muna wai ana gobe jarrabawa Madam ta zo ta tambaye shi ramin da ba a zuba wa ruwa. Wata rana kuma da na sake tambayar sa, ya rantse bai taɓa faɗin haka ba. Mutum ne mai son labari ya yi daɗi, ba a kafa hujja da shi.

Kawu ya karɓi takardarsa, ya sami aikin. Ni kuwa sunana ya fito a cikin waɗanda za su maimaita. Da na gaya wa babanmu, bai ɗago daga yadin da yake aunawa ba, ya ce dama shi bai taɓa jin na yi Turanci da wanda ya iya ba. Na shafe hutun nan ina bin Kawu fadama da janaretan shago a bayan babur, yana sa ni ina kwancewa ina ɗaurawa har farcena ya yi baƙi. Da na koma gaban Madam, kalmomina ba su fi na da yawa ba, sun ma ragu. Amma na san inda makunni yake, kuma a ja na biyu ya tashi.

Abin da ranar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. Magana ba ta fitowa don mutum ya iya lanƙwasa harshe. Tana fitowa ne in ya san abu, kuma abin ya dame shi har ya manta ana kallon sa. Kawu yana da abin faɗi, tsoro da ladabi sunka riƙe masa baki. Ni ina da baki a sake, ba ni da abin da zan sa a ciki. Nasa ciwon tsawa ɗaya ta warkar da shi. Nawa sai da ya ci shekara guda.